Wanda Ya Riƙe Mini Birki

Jama'a, wannan abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma Allah da zan tsaya a gabansa shi ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina aikin sito a wata gonar gwaji a Samaru, muna zaune da iyalina a Palladan, a wani gida mai ɗan fili ta baya. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, sakandare na gama na kama aiki, don haka wanda yake jiran in yi masa bayanin yadda abin ya yiwu ya yi haƙuri, ni ma har yau ban sami wanda ya yi mini ba.

A wurin aikin namu akwai wata tsohuwar jif da aka yasar a gindin mangwaro, irin ta shiga daji ɗin nan mai tayar sifiya a kan boneti, sitiyarinta ma a dama yake, tun na kafin a canza hannu. Kaji ne suke ƙwai a cikinta. Tun ina yaro a ƙauyenmu irinta nake gani tana kawo masu allurar rigakafi, tana ratsa rafi kamar ba ruwa, to sai son ta ya zauna mini a rai. Ranar da aka yi gwanjon tarkace ba wanda ya ko kalle ta, ni na saya, aka ɗaura mata igiya tarakta ta jawo mini ita har gida. Matata, Maman Rahila, ta fito ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "To sannu, ka sayo mana akurki." Daga ranar muka sa mata suna Gwoggo, don ta tsufa kuma ba ta jin magana.

Ta dalilin Gwoggo na san Nduka. Agogon gudunta ne ya ƙi motsi, aka ce in kai wa wani mai gyaran agogo a bakin kasuwar Sabon Gari. Na same shi da gilashi maƙale a ido ɗaya, mutum mai jiki, mai yawan dariya. Iyayensa daga Gabas suka zo aikin jirgin ƙasa, amma shi a Muciya aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, har gyara mini yake yi. Ya juya agogon ya ce, "Ina ka samo wannan? Ina sauran jikinta?" Na ce tana gida. Ya ce Asabar zai zo ya gaishe ta. To tunda ya zo gaisuwar nan bai daina zuwa ba.

Duk Asabar sai ya rufe shago da hantsi ya hau acaɓa ya taho, mu shiga ƙarƙashin Gwoggo sai yamma. Ba makanike a cikinmu, da kuskure muka koya. Mun yawata wurin 'yan gwangwan har sun san mu, mun sa an ƙera mana abin da ba a samu, mun taɓa kwance kafireta muka mayar muka ga ragowar kusoshi a faranti muna kallon juna. Shi yana ce mini Injiniya don tsiya, ni ina ce masa Sarkin Agogo. Alkawarinmu ɗaya ne, ranar da ta tashi sosai, fitarta ta farko dutsen Kufena za mu je mu biyu, mu bar titi mu bi ta gonaki, mu ci tsire a gindin dutse mu dawo.

Sai na yi muku bayanin wani aiki kafin in ci gaba, don a kansa komai ya faru. Birkin irin waɗannan motoci da mai yake aiki, kuma in iska ta shiga cikin bututun, sai ka taka ka ji shi laɓo-laɓo, ba ya kamawa. Fitar da iskar nan aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana zaune a kujerar direba, ɗaya yana kwance a ƙasa da sifana a bayan taya, inda wani ɗan noti yake. Na ƙasa ya ce "Taka," na sama ya yi ta takawa. Ya ce "Riƙe," na sama ya danne ya ce "Na riƙe." Sai na ƙasa ya kwance notin, mai ya fito da kumfa, birkin ya nutse har ƙasa. To a nan fa na sama ba ya ɗaga ƙafa ko me zai faru, sai na ƙasa ya ɗaure notin ya ce "Saki," don in ya ɗaga noti yana buɗe, iska za ta koma ciki, aiki ya lalace. Haka za a bi tayoyin huɗu, a fara da ta baya mai nisa, a ƙare da wadda take ƙarƙashin direba.

Kullum ni ne a ƙasa, Nduka a sama, wai shi tumbinsa ba ya shiga. Akwai ranar da wani maƙwabcina mai shegen wasa ya leƙo ta katanga ya ce "Saki!" da irin muryata, Nduka ya ɗaga ƙafa, muka koma farko. Ranar ya yi fushi na gaske. Ya ce, "Daga yau ko Fadan cocinmu ne ya zo da kansa ya ce in saki, ba zan saki ba. Sai na ji muryar ta fito daga ƙarƙashin motar nan." Muka yi dariya, na manta da maganar.

Yanzu ga nawa laifin. Wata Asabar muna sauke giyabos, na ɗaure shi da igiya a jikin katako, Nduka ya ce igiyar nan ta tsufa mu nemo sarƙa, ni kuwa ina sauri, na ce za ta ɗauka. Ba ta ɗauka ba. Gefen ƙarfen ya sauka a kan babban yatsansa na ƙafar dama, ya fasa farcen gida biyu. Sandal ne a ƙafarsa, wani ruwan ƙasa da maɗaurinsa ya taɓa tsinkewa na ɗaure masa da jar waya. Jini yana zuba, ya ce ko mu je kemis. Ni da bakina na ce, "Haba Sarkin Agogo, wannan ɗan ciwon?" Na ɗauko man birki na tsiyaya masa a kai, yadda na ga makanikai suna yi, ya yi ƙara ya zage ni, muka ɗaure da tsumma muka ci gaba da aiki. Na san yana da ciwon suga. Wallahi na sani, don ko shayi aka kawo masa ba ya sa sukari. Amma hankalina yana kan giyabos.

Ciwon nan bai warke ba. Yatsa ya yi baƙi, aka yanke yatsa, abin ya hau, daga ƙarshe aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na je asibiti sau ɗaya, na je gidansa a Muciya sau ɗaya, na ga ƙafar wandonsa a naɗe an soke ta da fil, daga nan ban iya komawa ba. Shi bai taɓa ce mini kai ka jawo ba, matarsa Maman Ngozi ma ba ta taɓa faɗa ba, kuma da sun faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai ya riƙa kira na a waya, "Injiniya, yaya Gwoggo? Yaushe za mu Kufena?" Ni kuma in ce saura waya, saura taya, saura fenti. Ya ce, "Wane fenti? Dutse za mu je ko zance?" In yi dariyar yaƙe in ce ya ƙara haƙuri. Alhali mota ta riga ta tashi, birki kawai ya rage, kuma birki ba ni da wanda zai riƙe mini, ga shi na kasa buɗe baki in ce wa mai ƙafa ɗaya ya zo ya taka. Haka watanni suka wuce.

Ranar da abin ya faru Asabar ce cikin damina, an yi ruwa da safe rana ta fito, wajen azahar. Maman Rahila ta tafi koyon waƙa na zumuntar mata, yara suna gidan kakarsu a Samaru, ni kaɗai ne a gida. Na canza bututun birki gaba ɗaya, na cika mai, na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashin tayar baya da sifana da kwalba, ina tunanin ko in tokare birkin da sanda in gwada ni kaɗai. Ina kwance haka, don sabo kawai, ba da nufin kowa ba, sai na ce, "Taka."

Sai na ji ƙofar direba ta yi ƙarar nan tata, motar ta ɗan sunkuya ta dama kamar yadda take yi in mai nauyi ya hau, aka rufe ƙofa. Aka ce, "Ka cika mai kuwa, ko yau ma iska za mu yi ta bugawa?"

Muryar Nduka ce, ba kama ba, ita ce. Jama'a, ban ji tsoro ba ko kaɗan, daɗi na ji, har ƙwalla ta zo mini. Na ji labarin an yi masa sanduna, na ɗauka ya gaji da jirana ne ya hau keke mai ƙafa uku ya taho, ƙofar gida kuwa a buɗe take. Na yunƙura zan fito, ya ce, "Ina za ka? Kwanta mu gama, gaisuwa ba ta gudu." Ni kuwa dama kunyar haɗa ido da shi nake ji, sai na koma na kwanta. Na ce, "Sarkin Agogo, da wace ƙafar za ka taka?" Ya ce, "Kai dai yi naka aikin, Injiniyan ƙarya."

Muka fara. Taka, na ji birki yana fam, fam, fam. Riƙe. "Na riƙe." Na kwance noti, mai ya feso da kumfa cikin kwalba, na ɗaure. Saki. "Na saki." Muka yi ta yi har kumfa ta ƙare, na ja jiki na koma ɗaya tayar ta baya ba tare da na fito ba, don Gwoggo tana da tsayi, mutum yana yawo a ƙarƙashinta. Muna yi muna hira. Ya tambaye ni ko na gyara hon, na ce yana kuka kamar akuya, ya yi dariya. Ya ce in daina sayen man birki a bakin titi. Na ce masa gobe bayan coci sai Kufena, ba fashi. Sai ya ce, "Mu dai gama wannan."

Abu ɗaya na lura da shi, shi ma sai daga baya ya dawo mini. Nduka mutum ne mai haki, in yana taka birki har ƙasa nake jin numfashinsa. Ranar ban ji ba.

Muka zo tayar ƙarshe, ta gaba ta dama, wadda take daidai ƙarƙashin direba. Jikin Gwoggo ba ya tsatsa, amma wurin da direba yake aje ƙafa ƙarfe ne, tsatsa ta ci shi ta huda rami kamar faɗin tafin hannu, ina ta cewa zan kai a yi walda ban kai ba. Na ce taka, ya taka. Na ce riƙe, ya ce, "Na riƙe." Na kwance noti, birki ya nutse har ƙasa. Sai na ɗaga ido, ba don komai ba, ramin nan yana saitin fuskata.

Ƙafa ce a kan birkin. Sandal ruwan ƙasa, da jar wayar da na ɗaure da hannuna. Babban yatsan yana ta gefen hagu, farcensa a fashe gida biyu, yana ɗan naso. Ƙafar dama ce. Ƙafar da na san an yanke, wadda Maman Ngozi ta gaya wa matata cewa 'yan'uwansa sun karɓa sun binne.

Ban san yadda na fito daga ƙarƙashin motar nan ba, na dai ga goshina yana jini daga baya. Na tsaya daga nesa na kalli kujerar direba. Ba kowa. Ƙofa a rufe, gilashi a sauke, ba sanduna, ba sawun kowa a jiƙaƙƙiyar ƙasar sai nawa. Amma motar tana nan a sunkuye ta dama. Na matsa a hankali na leƙa ta taga, birki yana manne da ƙasa, ba komai a kansa. Na ce Yesu, na fita waje da gudu na zauna a bakin titi wurin mai gasa masara har matata ta dawo. Ban gaya mata komai ba, na ce faɗuwa na yi.

Da yamma Maman Ngozi ta kira. Ta ce tun wajen azahar Nduka yana zaune a kujera ya kife, sun kai shi asibiti, bai san wanda yake kansa ba.

Washegari bayan coci muka je. Yana kwance ido rabi a buɗe, an sa masa ruwa, gumi yana karyo masa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne guntuwar ƙafar nan. A miƙe take, a sandare, ta ɗan ɗagu daga katifa, tana karkarwa. Maman Ngozi ta ce nas-nas sun yi sun yi su kwantar da ita ta ƙi, cinyar ta yi tauri kamar icce, har allura sun yi masa a banza. Leɓensa yana motsi. Ita a Gabas ta girma, aure ya kawo ta Zariya, Hausarta ta kasuwa ce. Ta ce, "Baban Rahila, kai ka fi ni jin Hausa, sa kunne ka ji. Ba ya kiran sunana, ba ya kiran yara, abu ɗaya yake faɗa."

Na sunkuya. A hankali, kamar mai ɗauke da buhu a ka, yake cewa, "Na riƙe. Na riƙe."

Ta ce, "Me yake riƙewa?" Na dubi matar nan na ce ban sani ba. Allah ya gafarta mini.

Na koma gida na rufe Gwoggo da tamfol. Washegari na yi ƙarfin hali na sa hannu na ja birkin sama, ko motsi. Na sa ƙarfe na ɓanɓara, ƙarfen ne ya lanƙwashe. Na kira wani makanike daga Sabon Gari, ya duba sifirin da yake mayar da birki sama ya ce lafiyarsa lau, ya ja ya ja, ya miƙe yana share gumi yana dariya ya ce, "Oga, wannan ai kamar ƙato ne ya hau kai." Ya ce zai shiga ƙasa ya duba, na ce a'a ya bari, na sallame shi.

Gaskiyar magana na gane abin da ake jira. Na gudu na bar noti a buɗe, ban ɗaure ba, ban ce saki ba, Nduka kuwa ba ya ɗaga ƙafa sai an ce. Amma kuma zuciyata ta gaya mini ranar da ya ɗaga, shi ke nan. Likita ya riga ya gaya wa iyalinsa su yi ta addu'a, ya ce shi mamaki ma yake yi da mutumin ya kai haka. Sai na riƙa gaya wa kaina ai muddin yana riƙe yana da rai, wa ya sani ko ya farfaɗo, ni ne na ci masa ƙafa, ba zan kuma zama ni ne zan ƙarasa shi ba. Na mai da abin kamar tausayi. Tsoro ne kawai. Tsoron shiga ƙarƙashin motar nan nake yi, da tsoron abin da zan gani ta ramin.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum in na tashi aiki sai in biya asibiti in tsaya daga bakin ƙofa. Mutum mai jiki ya zube, idanu sun faɗa, leɓe ya tsage, amma ƙafar nan tana nan a miƙe tana rawa, har wurin ɗinkin ya fara tsagewa yana jini. Fada ya zo ya shafa masa mai, 'yan ƙungiyar garinsu sun zo sun yi waƙa, 'yarsa Ngozi ta taho daga makaranta tana kuka tana cewa Baba ka huta. Bai huta ba.

Matata ce ta tsare ni wata safiya ina tsaye ina kallon tamfol. Ta ce, "Baban Rahila, tun ranar Asabar ba ka ci abincin kirki ba, kuma ba ka ƙara shiga ƙarƙashin motar nan ba. Me ka yi?" Na zauna a kan turmi na gaya mata duka. Na ɗauka za ta ce in je in ga Fasto ko likita. Sai ta ce, "Ka tuna ranar da ka sa ni na riƙe maka abin nan, ka tsaya neman sifana? Kafin ka dawo cinyata kamar za ta tsage, har kuka na yi maka, na ce ba zan ƙara ba. Wannan na ɗan lokaci ke nan." Ta nuna motar da haɓa. "Shi tun yaushe yake riƙe?"

Na ce in na faɗa mutuwa zai yi. Ta ce, "Ba kai ke da wannan ba, kuma ba kai kaɗai za ka yanke ba. Yana da mata. Tashi mu je."

A barandar asibiti na gaya wa Maman Ngozi, tun daga igiya da man birki har ƙafar da na gani, har ƙaryar da na yi mata. Ina jira ta mare ni. Sai ta ce, "Sandal ɗin nan, na dama, tare da ƙafar aka binne shi. Shi ya ce a haɗa." Ta share fuska da bakin zane. "Duk Asabar sai ya sa in fitar masa da kujera ƙofar gida, wai ko za ka zo da motar. Ranar ma a kan kujerar ya faɗi." Ta ce, "Shiga ka gaya masa."

Na shiga na durƙusa a bakin gado na sa baki a kunnensa na ce, "Nduka, saki." Na faɗa na kuma faɗa. Ba abin da ya canza, ƙafa tana rawa, leɓe yana motsi. Sai maganarsa ta faɗo mini, ta ranar da maƙwabcina ya yi mana wasa. Na fito na ce wa Maman Ngozi ba a nan zai ji ba, sai daga ƙarƙashin mota. Ta ce, "To je ka. Zan kira yara mu zauna kusa da shi."

La'asar ta yi lokacin da na yaye tamfol. Matata ta tsaya a bakin ƙofar kicin da Littafi Mai Tsarki a hannu, na ce kada ta matso. Kwalin yana nan ya jiƙe, kwalba tana nan, sifana tana maƙale a kan noti yadda na bar ta. Na kwanta na ja jiki na shiga. Na yi niyyar ba zan kalli ramin ba, amma na kalla. Tana nan. Ta kumbura, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, wayar sandal ta nutse cikin nama, tana karkarwa har ƙarfen birkin yana ɗan kaɗawa.

Na ce, "Sarkin Agogo, ni ne." Na ce, "Ka yafe mini. Igiyar nan, da man nan, da rashin zuwana." Ina magana ina kuka kamar yaro.

Sai muryar ta zo daga sama, a gajiye, ba fushi a cikinta ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ya ce, "Injiniya, ka ɗaure?"

Na kama sifana da hannu biyu na ɗaure notin tam. Na ce, "Na ɗaure." Na buɗe baki ya fi a ƙirga, kalmar ta ƙi fita. Daga ƙarshe na rufe ido na ce, "Saki."

"Na saki."

Na ji sifirin ya ja birkin ya dawo sama, ƙiii, a hankali. Motar ta ɗago ta dama ta daidaita. Ƙofa ba ta buɗe ba wannan karon. Ina nan kwance ban motsa ba sai na ji waya tana ƙara a hannun matata, na ji ta ɗauka, na ji ta ce, "Wayyo Maman Ngozi."

A Zariya aka binne shi, don ya sha faɗa cewa shi ɗan Muciya ne, kada a wahalar da gawarsa a hanya. Maman Ngozi ta ce Gwoggo ce za ta ɗauki akwatin. Na cire kujerun baya, muka sa shi, ba fenti ba komai, hon yana kukan akuya. Hanyar maƙabarta ta yi caɓi, ƙananan motoci suka tsaya a baya, ita kuwa ta ratsa kamar ba laka. Daga wani ɗan tudu ana hango Kufena can nesa, na tsaya na kashe inji na ɗan jima, ba wanda ya tambaye ni dalili. Iyakar zuwanmu ke nan.

Gwoggo tana nan a gidana har yau, ban sayar ba, ban kuma yi mata fenti ba. Ramin nan na kai an yi masa walda. Wanda ya san tsofaffin motoci ya san birkinsu ba ya shekara bai nemi a taɓa shi ba, amma wannan tun ranar ban ƙara masa ko cokali ɗaya na mai ba, kuma in ka taka shi kamar ka taka dutse. Ba na murna da haka. Na san wata rana zai yi laushi, dole wani ya kwanta a ƙasa ya ce taka, kuma ban san wanda zai amsa ba. Wani lokaci ranar Asabar da azahar, in na fito tsakar gida, sai in ga kamar ta ɗan sunkuya ta dama. Na canza sifirin ɓangaren, ban ga bambanci ba. Matata ta ce ƙasar wurin ce ba daidai ba, amma ita ma na lura ba ta shanya a wajen ranar Asabar.

Ku da kuke son tsofaffin motoci irina, ku ji daga bakin wanda ya yi kuskure. Kada ku zuba wa kowa man birki a ciwo, ku kai shi asibiti ko da zai zage ku. In abokinku yana kwance yana kiranku, ku je, ko da kunya za ta kashe ku a bakin ƙofa, ku fitar da shi a motar yadda take. In kuma kun shiga ƙarƙashin mota ku kaɗai, ku yi aikinku da baki a rufe. Wanda ya manta ya yi kira har aka amsa masa, to kada ya gudu kamar yadda na gudu. Ya ɗaure notinsa, ya sallami wanda ya zo.